Ranar Da Makaɗa Suka Bi Sandar Behruz

Akwai wani saurayi a birnin Tashkent mai suna Behruz, ɗalibi a wata babbar makarantar kiɗa, yana shekarar ƙarshe ta digirinsa na biyu a fannin jagorancin makaɗa. Shi ne mai tsayawa gabansu da 'yar siririyar sanda, yana nuna musu inda za su shiga da inda za su tsaya.

Allah ya ba shi kunne, wannan ba musu. Sai dai girman kansa ya fi baiwar yawa. Tun da ya leƙa Turai ya yi wani ɗan kwas ya dawo, ya tara suma, ya rataya gyale a wuya ko ana zafi, ya ce a riƙa ce masa maestro, wato babban gwani. Mutumin da ko takardar shaidar jagoranci bai karɓa ba!

Abu ɗaya ya rage masa, jarrabawar fita. Zai jagoranci ƙungiyar makaɗan gargajiya ta makarantar a gaban malamai, kuma shugaban wani gidan wasa zai zo kallo, don yana neman mataimakin jagora. In ya ci, ga shaida ga aiki. In ya faɗi, sai baɗi.

Shugabar masu goge a ƙungiyar wata dattijuwa ce, Gulchehra. Babba da yaro kowa opa yake ce mata, kamar yadda ake girmama babbar yaya.

To, makaɗan nan suna da wata al'ada da ba a koyarwa a aji. Duk ɗalibin da ya hau dandamali, rufa masa asiri suke yi. Ido ɗaya a kan sandarsa, ɗaya a kan hannun Gulchehra. In ya kuskure, inda ta ja gogenta nan kowa ke bi, a wuce kamar ba a yi ba. Manyan jagorori da yawa ta haka suka tsallake, kuma ba su manta ba.

Behruz bai san da wannan ba, don bai taɓa zama ya sha shayi da su ba balle ya ji. A kiɗan jarrabawarsa akwai wani wuri da kowa ke yin shiru, mai sarewa ya busa shi kaɗai, sai ya dire sauran su shigo. Kullum Behruz sai ya sauke hannu tun sarewa ba ta gama ba. Kullum makaɗa su jira Gulchehra su shiga daidai. Shi kuwa gwanin naka ya lumshe ido yana kaɗa suma, wai shi ya yi aikin.

Ranar gwajin ƙarshe kafin jarrabawa ya buɗe ido a daidai wurin, ya ga ba shi ake kallo ba. Ya ƙwanƙwasa sanda da ƙarfi.

"Wai wa kuke kallo ne? Ni ne jagora ko waccan tsohuwar?"

Mai bandiri, wani magidanci mai suna Ergash, ya yi dariya don ya kashe wutar. "Haba ƙanena, bi a hankali mana. Opa ce fa."

"Wa ne ƙanen naka? Ka nemi ƙani a gidajen biki, inda kuka saba kiɗa don a cika muku faranti da shinkafa da nama."



Da aka tashi hutu, Gulchehra ta yafito shi gefe. Ta zuba masa shayi ɗan kaɗan a ƙasan kofi, yadda ake yi wa wanda ake so ya daɗe a zaune, ta kira sunansa da sigar lallashi.

"Behruzjon, ɗana, zauna ka ji. Wurin sarewar nan hannunka yana riga mu sauka. Ba komai ba ne, yanzu za mu gyara, ni da kai."

"Gulchehra," ya ce, haka gatsau ba ko opa, kuma da murya yadda kowa zai ji. "Da kin iya, da ke ce a saman dandamali. Kin tsufa a kujera ɗaya, za ki koya mini aikina?"

Ya juya ga sauran. "Ranar jarrabawa idon kowa a kan sandata. Abin da ta nuna shi za ku yi, ba ƙari ba ragi. Kun ji ko?"

Gulchehra ta ɗauki buta, ta cika kofin nasa har baki. Ko yaron goye a garin nan ya san wannan sallama ce. "To, maestro," ta ce. "Yadda ka ce."

Labari ya kai kunnen malaminsa, Ustoz Mahkam. Malamin ya kira shi ya ce ya je ya ba makaɗan haƙuri.

"Ustoz, jagora ba ya ba kayan aikinsa haƙuri," in ji Behruz.

Tsohon ya dube shi kawai, ya ce Allah ya kai mu.

Ranar jarrabawa zaure ya cika. Malamai a sahun gaba, shugaban gidan wasa a tsakiyarsu. Behruz ya fito cikin baƙar kwat, ya wuce Gulchehra ko gaisuwar hannu da aka saba babu, ya ɗaga sanda.

Farko abin ya tafi lafiya, har ya fara murmushin nan nasa mai ban haushi. Sai aka zo wurin sarewa. Kowa ya yi shiru, busa na tashi a hankali, mai daɗi. Behruz ya lumshe ido, ya sauke hannu inda ya saba.

Duka makaɗan suka shigo a tare, daidai da sandar. Goge, molo, bandiri, suka danne sarewar tana tsakar magana. Wani malami har sai da ya zabura.

Behruz ya buɗe ido. Ya hanzarta hannu don ya tsere wa wurin, su ma suka hanzarta. Ya ja baya, suka ja baya. Ya ɓata inda yake a takardar kiɗa, ya nuna wa masu molo su shiga inda ba nasu ba, suka shiga kuwa ba gardama. Kiɗa ya koma kamar tukwane sun zubo daga kan kanta.

Gumi na tsatsowa, ya sunkuya ya raɗa wa Gulchehra, "Opa! Opajon, don Allah ki ja su!"

Ba ta ko dubi fuskarsa ba. "Sandarka nake kallo, maestro."

Hannunsa ya sandare a sama. Da sanda ta tsaya, kowa ya tsaya.

Shugaban gidan wasa ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya fita.

Ustoz Mahkam ya taso a hankali har bakin dandamali. Bai ɗaga murya ba.

"Yau ne karon farko da na ji ainihin hannunka, Behruz. Ashe duk shekarun nan nasu nake ji. Ba ka ci ba."

"Ustoz, ai da gangan suka..."

"Abin da ka umarta suka yi. Ka dawo baɗi. Kuma ka sani, makarantar nan ba ta da wasu makaɗan. Gaban waɗannan dai za ka sake tsayawa."

Behruz ya juya. Suna zaune duka, kayan kiɗa a cinya, suna kallonsa kamar yadda ya nema.

Darasi: Sau da yawa abin da kake kira gwanintarka, rufin asiri ne da na ƙasa da kai ke yi maka ba ka sani ba. Ka raina su, ba sai sun yaƙe ka ba, su janye hannu kawai ka ga iyakarka. Ku tura wa duk wanda aka ɗora a gaban jama'a, ko Allah zai sa ya gyara tun bai ji kunya ba.