Ruwan Baƙo a Bakin Ramin Kwal

Kamfanin da ya haƙi kwal a gonakin Garin Dogo ya gama aiki, ya bar ƙaton rami cike da baƙin ruwa. Doka ta ce sai ya cike ramin kafin ya tafi, amma da aka kai ƙara kotu, manajansa, Alhaji Sambo, ya ce wa alƙali, "Ai tafki muka yi musu, Allah ya gafarta Malam. Ruwan sha ne mai kyau."

Gwaggo Lantana, wadda ramin ya cinye gonarta, ta ce ko akuya ba ta shansa.

Alƙali ya ce, "To, kawo mai shaida wanda ya san ruwan, amma ban da ɗan garinku, don zai goya miki baya. In babu, kamfani ya tafi abinsa."

"Ku zo bakin ramin gobe, Malam, zai zo."

Washegari suka iso da tsakar rana. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarma, ta ɗebo ruwan ramin a sabuwar ƙwarya, ta durƙusa gaban manaja.

"Sannu da hanya, Alhaji. A garinmu sai baƙo ya sha ruwa ake fara magana."

"Na gode, Gwaggo, azumi nake yi."

"Da goro a bakinka?"

Alhaji ya daina tauna.

Alƙali ya ce, "Ina mai shaidar taki?"

"Ga shi zaune, Malam. Ba ɗan garinmu ba ne, kuma ka gani ya san ruwan."

Alƙali ya tura ƙwaryar gaban manaja. "Alhaji, ko ka shanye, ko ka cike."

Kafin la'asar tifa ta fara juye ƙasa a ramin.