Kura Ta Soya Iri

Ga ta nan, ga ta nanku, kuma kada in ji motsin kowa!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Kurciya ce ta samo irin gero mai jure fari, ta raba wa dabbobi kyauta. Ta ce, "Ku shuka, ku sayar da gari, amma duk wanda ya nemi iri, ku ba shi."

Kura ta noma, garinta ya yi kasuwa. Da Kurege ya zo neman iri, sai ta soya a ɓoye ta ba shi.

"Yaya Kura, wannan ai ƙamshin tumu yake yi!"

"Hancinka ne, ƙanena."

Don kada a sace ɗanye, ta soye rumbunta kaf. Ruwa ya sauka, ba ta da ƙwaya ɗaya mai tsirowa. Ta ruga wurin Kurciya.

"Nawa ya ƙare. Je ki wurin Kurege, da naki ya ƙi tsirowa Zomo ya ba shi ɗanye."

Kurege ya cika mata ƙwarya a tsakiyar kasuwa. "Ɗanye ne, Yaya. Amma faɗi sharaɗin Kurciya da ƙarfi, kowa ya ji."

Sau uku ta faɗa, kasuwa na shewa.

Ƙurunƙus kan ɓera, ɗanyensa ba soyayye ba!