Shirun da ke Cikin Minsharin Nomau

Ku matso kusa, wannan ba ta dariya ba ce.

Nomau mai fito ne a bakin gulbi, ƙato mai kaurin wuya irin na mahaifinsa. Minsharinsa har tsallaken ruwa ake ji. Kullum a mafarki yakan ga marigayi babansu tsaye a waccan gaɓar yana yafito shi, shi kuwa Nomau ruwa na hawa masa har maƙogwaro, sai ya zabura yana haki. Da rana kuwa gyangyaɗi yake da filafili a hannu, jirgi cike da mutane. Aka ce dannau ne. An yi turare, an sha rubutu, abin bai saki ba.

'Yan'uwansa mata uku ne. Babbarsu Tsahara makauniya ce, ɗakinta na jikin nasa. Kowa minsharin yake ji, ita shirun da ke tsakani take saurare. Da ya ɗauke sai ta ja carbi: ƙwaya talatin, arba'in, babu numfashi.

"Nomau," ta ce da shi wata safiya, "kana tafiya kana dawowa. Haka Baba ya yi ta yi, har daren da carbina ya ƙare bai dawo ba."

Ta biyunsu, Kande mai ɗinkin hula, ta sa ido, ta ga a rigingine abin ke kama shi. Ta ɗinke goruba uku a bayan rigar barcinsa, da ya mirgina sai su tokare shi ya koma gefe.

"Yaya Kande, azaba kika ɗinka mini."

"Zage ni da safe, in dai ka kai safen."

Damina ta cinye hanyar birni. Wata biyu goruba na riƙe da shi. Shirun ya ragu, amma bai tafi ba.

Auta Ladi ta ƙi jiran ruwa ya janye. Ba ta taɓa tuƙa jirgi ba, ta sa shi a ciki ta kama filafili, shi kuwa barci ya kwashe shi a tsakiyar gulbi. A asibiti aka kwana da shi da wayoyi a jiki. Likita ya ce babu wani aljani, naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska. Ya ce ya rage ƙiba, ya haɗa shi da na'ura mai hura iska ta hanci, wadda batirin sola ke ɗauka.

Daren da suka dawo Tsahara ta zauna da carbinta har asuba, ba ta ja ƙwaya ɗaya ba. Tun daga ranar Nomau bai ƙara ganin babansa ba. Wani lokaci yakan tsaya yana duban waccan gaɓar, babu kowa sai ciyawa.

Yanzu matarsa ta haifi 'ya mace, ya kuma yi alkawarin sa mata sunan wadda ta mayar masa da numfashinsa. Gobe ne suna, rago na ɗaure, liman na jiran amsa.

To, Tsahara, Kande ko Ladi, sunan wa za a raɗa wa jaririyar?