Ruwan da Yarinya Ta Zuba a Ƙasa

"Wai littafin tsafi ake karanta wa yaranmu a ajin Turanci, yau sai na sa babansu ya tara mutane." Haka kika ce ko, Tabawa? To ajiye mayafin nan ki zauna. Ku ma ku matso ku saurara.

An taɓa yin wani bawan Allah a wani gari, da daɗewa, ana ce masa Malam Tukur, malamin Turanci a sakandare. Shiru-shiru ne, keke ne abin hawansa, ko ɗalibi ne ya gaishe shi sai ya sauka ya amsa. Yana karantar da yara labaran mutane iri-iri, na kudu, na bakin teku, wai don kada su tashi suna tsoron wanda ba su taɓa jin labarinsa ba.

A wani littafin akwai tsoho masunci da ya zuba ruwa a ƙasa yana kiran kakanninsa. Malam ya ce za su yi wasan kwaikwayon wurin a aji. Sai wata yarinya 'yar ajin, a gidansu, ta ɗauki buta ta zagaya bayan ɗaki tana gwadawa, tana zuba ruwa, tana kiran sunaye da wani yare. Uwarta ta leƙo ta gani. Ba ta tambaye ta ba. Ku ji fa, ba ta tambaye ta ba. Mayafi ta ja sai maƙwabta. Kafin azahar ƙofar makaranta ta cika da maza, wasu da sanduna, wasu da duwatsu.

Shugaban makaranta ya ja Malam Tukur ofis ya sa sakata. Ya ce ai littafin Madam Ifeoma, wata malama 'yar kudu, ita ce ta kawo shi daga garinsu, ya fita ya faɗi haka kawai ya tsira. Kuma gaskiya ne, ita ta kawo. Amma Malam Tukur ya san gidanta, ɗaki ɗaya bayan kasuwa, ƙyauren kwano, 'ya'ya biyu ƙanana. Ya san in sunan nan ya fita daga bakinsa, taron nan can zai juya.

Shi ma fa yana da iyali. Ya yi bisimilla ya zare sakata.

Suka ce wa ya kawo littafin. Ya ce, "Ajina ne. Ni na tsaya gaban 'ya'yanku na karantar da shi."

Suka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Bai yi ƙarya ba, bai kuma ba da sunan kowa ba. Dutse ya same shi a goshi, jini ya sauko har kan rigarsa. Bai gudu ba. Ya roƙi a bar shi ya fassara shafin, in ya gama su yi abin da suka ga dama. Wani dattijo ya ɗaga sandarsa, aka ɗan lafa.

Ya buɗe shafin ya fassara musu: ɗan tsohon nan ne ya shiga teku da kwalekwale, kwana uku bai dawo ba. Malam ya ce, "Mu Allah kaɗai muke roƙo, haka na gaya wa yara. So nake su ga uban can ma yana kuka kan ɗansa. Amma na sa su wasan ban sanar da ku ba, wannan laifina ne, ku yafe mini."

Wasu suka saki duwatsu suka tafi, wasu suka tafi suna ƙwafa. Sati bai zagayo ba aka mayar da Malam Tukur wani ƙauye mai nisa, ya ɗora kekensa a bayan mota ya bar garin. Madam kuwa ta yi shekaru tana koyarwa, 'ya'yanta suka girma lafiya, ba ta taɓa sanin abin da aka ce a ofishin nan ba.

To abin da nake so ku riƙe: mai tsoron Allah ba ya miƙa wani don ya tsira. Kuma taron nan duka daga bakin uwa ɗaya ya taso, uwa irina, irinki, da ba ta tsaya ta tambayi 'yarta ba. In mutane suka taru, ke da kika tara su ba ki isa ki mayar da su gida ba, kuma jinin da ya zuba za a tambaye ki ranar gobe.

Ni ban iya Turanci ba, ke ma haka. Ramlatun taki tana ciki, ina jin motsinta. Don Allah, Tabawa, kafin ki kai wa babansu maganar nan, kira ta ta zo ta fassara mana shafin.