Goɗiyar Gidan Jatau

Ku gyara zama ku ji. A zamanin da, an yi wani Sarki da ya sa aka yi shela cewa duk wanda dokinsa ya zo na ɗaya a sukuwar kaka, za a ba shi fadamar gabas ya yi kiwo. Waziri ya ji zancen fadama, ransa ya biya, amma bargarsa cike take da ƙosassun dawakin da ba su iya komai ba sai cin dawa.

A bayan gari kuwa akwai gidan Jatau, inda jikansa Korau, wanda shi ma ya manyanta, ke riƙe da turaku. Asalin dawakinsu wata gurguwar goɗiya ce da fatake suka yar a bakin hanya, Jatau ya ɗauke ta ya yi jinyarta. Daga cikinta aka sami irin da ba a taɓa shan gabansa ba. Sai cuta ta shiga bargar ta yi ɓarna, har mace guda ta rage, ana ce da ita Danda. In ta tafi, wahalar kaka da uba da jika ta tafi ke nan.

Ran nan Korau ya dawo daga yankan harawa ya tarar da turke babu Danda. Maƙwabta suka ce barorin Waziri ne. Ko lauje bai ajiye ba ya nufi fada.

Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da rana tsaka barorin Waziri suka kwance mini goɗiya! Yau mutum ba zai fita yankan harawa ba sai ya ɗaura dokinsa a ƙugu?"

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, tsufa ne ke damunsa. A bargata aka haife ta. Ga barorina goma, shaidu ne."

Korau ya ce, "Barorinka? Ko cewa ka yi kai ka haife ta, rantsuwa za su yi!"

Fadawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sarki ya ce, "Waziri, da me kake koya wa doki gudu?"

"Da bulala da ƙaimi, ranka ya daɗe."

"Kai fa, dattijo?"

Korau ya ce, "Mu ba ma dukan doki. Tun yana duƙushi muke jan sa nesa da gida mu sake shi, ya san ruwan kanwa na jiran sa a komin kakana. Dawakinmu zuwa gida suke gudu."

Da ranar sukuwar kaka ta zo, Sarki ya ce a yi ta sau biyu daga tsakiyar fili. Ta farko aka fuskanci bargar Waziri. Mahayi ya yi ta zuba wa Danda bulala, tana turjewa tana waige, har dawakai bakwai suka wuce ta. Kowace bulala sai Korau ya runtse ido, yana cewa, "Allah ya isa."

Ta biyu aka juya su wajen gidan Jatau, Sarki ya ce a karɓe bulalar. Kafin mai ganga ya sauke hannu Danda ta bar su. Ba ta tsaya a inda aka ja layi ba. Ta wuce da mahayin yana ihu, ta tsallake darni, ta tsoma baki a komi.

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Ka kawo shaidu goma, ita ta kawo ƙafa huɗu. Fadama ta Korau ce. Kai kuma ka tuɓe rawani. Har kaka ta zagayo, kai za ka riƙa cika komin nan da kanka."

Aka aika dogari ya kai wa Korau albishir, domin tuni ya bi bayan goɗiyarsa. Ya same shi durƙushe da ruwan ɗumi yana wanke mata shatin bulala.

Korau bai ɗago ba. Ya ce, "A gode wa Sarki. A kuma gaya wa Waziri ya zo da sassafe. Ba ta shan ruwan da ya kwana."