Kande Mai Daɓe da Sarkin Kada

"Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ba shi da rabo," in ji Kaka.

Muka ce, "Ta zo mu ji ta, idonmu biyu."

Bari in faɗa muku tun ban manta ba. Malama Rakiya ce ta ce kowacce ta kawo labarin macen da ta yi abin tarihi, duk 'yan ajinmu suka ruga littafi, ni kuwa na ruga ɗakin Kaka. Ga shi yadda ta ba mu ni da ƙanwata Ladidi, ko kalma ban rage ba.

Wai a da akwai wani gari a bakin kogi, ana ce masa Tungar Gawo. A kogin akwai Sarkin Kada, tsoho tukuf, har ciyawa ta tsiro a bayansa. Wata damina ya aiko Kwaɗo wurin sarkin garin, ya ce bana kogi zai cika sau uku, a cika ta uku zai biyo ruwa ya shigo gari, kuma ba awaki zai ci ba.

Hankalin kowa ya tashi. Sarki ya tara maza, ya ce wa zai gina ganuwar da za ta tare ruwa. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai Gizo ya yi tsalle, da tsamin bakin nan nasa ya ce, "Yanka ya daɗe, ai gini gadonmu ne." Alhali ko akurkin kaji bai taɓa ginawa ba. Aka naɗa shi Sarkin Gini, aka ba shi riga da sa guda.

Gizo ya sa maza suka yi ta tula ƙasa, shi yana inuwa yana cin naman sa. Kogi ya yi cika ta ɗaya, ganuwa ta narke kamar gishiri a miya.

To, gidan ƙarshe ta bakin kogi na wata mata ce, Kande, uwar daɓen garin. Duk amaryar da za a kai ɗaki, ita ake kira ta daɓe mata ƙasa. Ruwa ya shiga gidajen unguwar, ɗakin kowa ya koma taɓo, na Kande yana nan kamar dutse. Gizo ya lura. Ya laɓe a bayan danga ranar da take daɓe, ya ga makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, ya kuma ga mata sun durƙusa suna dukan ƙasa da madaɓi. Ya saci makuba buhu guda, dukan kuwa ya ce Allah ya kiyaye, Sarkin Gini guda ya durƙusa yana bubbuga ƙasa kamar mata? Ya barbaɗa ta a bushe a kan sabuwar ganuwa, ya koma inuwa.

Kogi ya yi cika ta biyu. Ganuwa ta tafi, ta tafi da rumbuna biyu.

Sarki ya fusata, ya sa aka kamo Gizo. Gizo ya faɗi yana birgima, ya ce Kande ce ta ba shi mugun magani. Dogarai suka jawo ta, hannunta duk laka. Ta ce ita ba ta ba kowa komai ba, amma ta ga ran sarki ya riga ya ɓaci, gardama ba za ta fisshe ta ba. Sai ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni kwana bakwai da matan gari."

Fadawa suka kwashe da dariya, wani ya ce a gaya mata ganuwa ba ɗakin amarya ba ce.

Sarki bai yi dariya ba. Ya ce, "Na ba ki. Amma ranar cika ta uku, a kan ganuwar za ki zauna. In ta tsaya kin tsaya, in ta tafi kin tafi."

Kande ta bi gida-gida. Mata suka fito kowacce da madaɓinta, har Ƙoƙi matar Gizo. Suka jiƙa makuba a manyan randuna, Kande ta ce sai ta kwana biyu. Hadari yana haɗuwa, matan suna cewa Yaya Kande mu fara mana, ta ce makubar da ba ta jiƙu ba ruwan banza ce. Kullum da safe Kwaɗo sai ya leƙo ya ce Sarkin Kada yana gaishe ta, saura kwana kaza.

Rana ta uku suka fara. A zuba marmara kaurin taƙi ɗaya, a yayyafa, a daka. A ƙara taƙi ɗaya, a yayyafa, a daka. Suna duka suna waƙa:

Ƙasa kwanta, ƙasa ji duka,
Ruwa na tafe, ba ya sallama.

Ran na bakwai gabas ta yi baƙi ƙirin. Kande ta hau ganuwa ita kaɗai, da madaɓinta da 'yar tukunyar makuba.

Ruwa ya kawo gwiwar ganuwa. Sarkin Kada ya ɗaga jela ya maka wa ganuwar. Ko gezau.

Ruwa ya kawo ƙugun ganuwa. Ya sake makawa, sai ga tsaga a can ƙarshe, daidai inda tsohuwar ƙasar Gizo ta rage. Ruwa ya fara tsiyaya ta ciki. Mutane suka kwashi yara suna gudu tudu. Kande ta rarrafa har wurin, ta cusa marmara, ta yayyafa, ta juya wa kada baya tana duka. Ƙoƙi ta ɗaura ɗamara ta hau, sauran mata suka bi ta, ba wanda ya sa su.

Ruwa ya kawo wuyan ganuwa, kan Sarkin Kada daidai ƙafar Kande, tana jin hucinsa a diddigenta. Ya ce, "Ke 'yar mutane, sauka ki gudu, na yafe miki. Na ciki nake so."

Ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "Baba Kada, ka yi haƙuri, ban gama aiki ba."

Ya ja da baya, ya tattara ƙarfinsa duka ya maka ta uku. Ganuwa ta tsaya, jelarsa ce ta tsattsage. Shi ya sa har yau jelar kada take kamar zarto. Ya nutse, ruwa ya bi shi.

Kafin matan su sauko, Gizo ya riga su fada, wai dabararsa ce, shi ya fara kawo makuba. Kande ta ce ita ba ta da ta cewa, a duba hannuwa kawai. Mata suka buɗe tafi, duk sun yi jawur da makuba, sun farfashe. Aka ce Gizo ya buɗe nasa. Takwas ɗin nan sumul, sai maiƙon naman sa. Ƙoƙi ta ce, "Malam, ko ɗaya daga ciki ai da ka ara mana." Gizo ya haye rufin soro don kunya, yana can har gobe.

Sarki ya sa wa ƙofar kogi suna Ƙofar Kande, kuma tun daga ranar ba a ƙara yin babban gini a garin ba sai an kira mata shawara.

Ladidi ta tambayi Kaka ko da gaske an yi Kande. Kaka ta ce tatsuniya ce, amma hannu ba tatsuniya ba ne. Ta buɗe mana tafinta, duk ya yi kanta, ta jawo wani tsohon madaɓi daga ƙarƙashin gado, ta ce ɗaki arba'in ya daɓe, kuma in tafi da shi makaranta in ina so. Ina so mana!

Ta ce, "Ku riƙe wannan. Aikin da aka raina a tsakar gida, shi ke tare gari ran tsanani. Kuma in kuna neman wadda za ku yi koyi da ita, kada ku bi mai baki, ku duba tafin hannu."

Ƙungurus kan kusu, kusun ma ya haƙa ɗakin Kande ya kasa.