Manomin da 'Ya'yansa Suka Ɓoye Taki

Akwai wani manomi mai gandu babba, tun daga bakin hanya har fadama. Yana da 'ya'ya maza biyu, Habila da Irmiya, kowa da iyalinsa, da 'ya mace, Liyatu, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da yara uku. Duka suna noma gandun nan tare, amma ko taƙi ɗaya ba wanda zai nuna ya ce nasa ne. In an taɓa maganar, tsohon sai ya kaɗa hannu ya ce, "In na mutu kwa raba."

Ana nan, gona ta fara gajiya. Wuta-wuta ta cinye dawa, gero ya tsaya iya gwiwa. Rumbun da a da yake kai su har sabuwar kaka, yanzu kafin tsakiyar damina an share gindinsa. Jikoki suka fara ramewa.

Wata safiya, gab da faɗuwar ruwa, tsohon ya zaga bayan ɗakin Habila yana neman akuyarsa. Me zai gani? Tulin taki ya kusa kai tsawon mutum, na awaki da na kaji da toka, an rufe da tsohuwar zana. Ya leƙa bayan ɗakin Irmiya, ga wani tulin har ya fi na farko. Ransa ya ɓaci, ya kira su.

Ya ce, "Gona tana mutuwa, ku kuna kiwon taki a bayan ɗaki? Ko miya za ku yi da shi?"

Habila ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ina zan zuba? In na zuba a gabas, gobe Irmiya ya gaji gabas, na yi wa wani wahala ke nan."

Irmiya ya ce, "Ni ma abin da Yaya yake tsoro shi nake tsoro."

Liyatu tana tankaɗe a gefe, ta ce, "Ku dai kuna da abin tsoro. Ni ko kashin kaza ban tara ba, Baba, don na san ranar da ka rufe ido, ni da yaran nan sai bakin hanya."

Tsohon ya ɗaga sanda, sai kuma ya sauke ta. Ya zauna a kan turmi har inuwa ta matsa. Sa'an nan ya miƙe, ya tafi ya kira mai unguwa da dattawan ikilisiya biyu. A gabansu ya taka gonar nan da ƙafarsa. Ya ba Habila gabas, ya ba Irmiya yamma, ya yanka wa Liyatu yankin da ke kusa da rijiya. Fadama kuwa da ɗakinsa ya ce nasa ne muddin yana numfashi. Aka dasa gamba a kan kowace iyaka, aka rubuta a takarda, kowa ya dangwala yatsa.

Washegari sai ka ce ranar kasuwa. Jakuna suna ta kai da kawowa da mangala, mata da kwanduna a ka, Irmiya har da gudu. Cikin kwana uku bayan ɗakunan nan ya zama fili. Da 'yan'uwan suka ga gonar Liyatu ba ko ɗigon taki, kowa ya juye mata mangala biyar, ba wanda ya sa su. A shekarar nan sai da aka gina sabon rumbu. Tsohon kuwa ya ƙara shekara goma sha huɗu a duniya, tuwo yana zuwa masa daga ɗaki uku, har yana zaɓen miya.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan kai ne, dattijo, kai mai ɓoye takardar fili ƙarƙashin katifa. Gonar ita ce duk abin da Ubangiji ya ba ka riƙo, ko gida ne, ko shago, ko shanu. Takin kuwa shi ne ƙarfin 'ya'yanka da zuciyarsu. Kana ta zaginsu kana cewa raggaye ne. Ba ragwanci ba ne. Wa zai yi wa gida sabon rufi bai san ko shi za a kora daga ciki ba? Kai ka ɗaure musu hannu, kai kuma kake kukan ba sa aiki.

Na san abin da za ka ce: "In na raba, za su yar da ni." To wa ya ce ka tuɓe rigarka ka ba su? Riƙe abin da zai ci da kai, kai da matarka, ka rubuta shi a fili. Sauran ka sake shi. Ɗan da ba ya gaishe ka sai don yana hangen gona, ai ungulu kake kiwo, gara ka gane shi tun idonka biyu.

Kada kuma ka tsallake 'ya mace da gwauruwa, ka ce 'yan'uwanta za su duba ta. Sau nawa muka dawo daga maƙabarta, ba a ko kwashe kujerun zaman makoki ba, waɗanda suka sha nono ɗaya sun fara nuna wa juna yatsa? Gawa ba ta raba faɗa. Kai kaɗai ka san inda iyaka take, kai kaɗai za ka yi magana kowa ya yi shiru, kuma bakin nan naka ba na har abada ba ne.

Allahnmu mai bayarwa ne, yana bayarwa yana kallon 'ya'yansa suna ci, yana murna. Yi koyi da shi a makon nan. Kira 'ya'yanka, kira shaidu. Abin da ka miƙa da hannunka kyauta ce, za a durƙusa a gode maka kana ji da kunnenka. Abin da aka ɓamɓare daga hannun gawa, ba wanda yake cewa an gode.